Shekara ɗaya ina karatun shirya taro a Ingila: ƙofar da Malama ta hana ni buɗewa

Mako uku ke nan wata ƙanwata tana bina da tambaya ɗaya: “Yaya, kwas ɗin nan da kika yi, ya ci kuɗinsa?” Kullum sai in ce mata bari in yi tunani. Ita ma tafiya take son yi, kuma filinta na gado take shirin sayarwa, don haka ba amsar da zan ba ta a tsaitsaye ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta, ta karanta, mai irin niyyarta ma ya karanta.

Kafin in tafi, shekarata shida ina sana'ar kwalliyar wajen biki a Kano. Kamu, sa lalle, wuni, dina, walimar sauka, babu wanda ban yi ba. Ina da yara takwas da suke min aiki, da kujeru ɗari uku, da yadudduka cike da shago. A watan Satumba na 2023 na tafi wata jami'a a arewacin Ingila, digiri na biyu na shekara ɗaya a fannin tsara taruka da bukukuwa. Fannin ba tsoho ba ne ko a can, don sai a 1996 aka fara ba da digirinsa a ƙasar, a garin Leeds. Ni ba a can na yi ba.

Abin da na sa a raina shi ne zan koyo fitilu, da furanni, da yadda ake kafa dandamali irin wanda muke gani a Instagram. Wata guda cur babu wanda ya ambaci fure. Kasafin kuɗi, inshora, lasisi, yarjejeniya da masu kawo kaya, shi ke nan. Har na fara cewa na yi ɓatan kai. Sai aka shigo da darasin tsaron jama'a a wajen taro, kuma a kan wannan darasin ne, da matar da ta koyar da shi, nake son in tsaya, domin da shi kaɗai zan duba da tauraro huɗu cikin biyar zan ba makarantar nan ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Dattijuwa ce mai furfura, ta yi sama da shekara ashirin tana aiki a manyan bukukuwan fili kafin ta shigo koyarwa. 'Yan ajinmu sunanta suke kira gatsau, haka al'adarsu take. Ni bakina ya ƙi. Na ce mata Malama, ta tambaye ni ma'anarsa, na faɗa mata, ta ce ta karɓa. Har na gama haka nake kiranta.

Ranar farko ba ta kunna allo ba. Salatif ta ɗauko ta zana murabba'in mita ɗaya a ƙasa, ta ce mutum biyu su shiga. Suka shiga suna dariya. Ta ƙara ɗaya, ta ƙara ɗaya. Mu mata ta ware mana namu zanen ba tare da mun roƙa ba, wannan kuma na yaba. Da muka kai biyar dariya ta ɗauke, don ba ka iya ɗaga hannu ka gyara mayafi. Da muka kai bakwai na ji haƙarƙarin wata a bayana, numfashina ya fara guntulewa. Ta ce mu tsaya haka na daƙiƙa talatin. Da muka fito ta ce, yawancin waɗanda suke mutuwa a turmutsutsu a tsaye suke mutuwa, ƙirji ne yake rasa wurin buɗewa, kuma na baya da suke turowa ba su ma san abin da yake faruwa a gaba ba.

Daga nan ta kawo mana labarin filin ƙwallo na Hillsborough. Ranar 15 ga Afrilu, 1989, a Sheffield, wasan Liverpool da Nottingham Forest. Jama'a sun taru a waje, an matsu, sai babban ɗan sanda ya ba da umarni a buɗe wata ƙofar fita don a rage cunkoson wajen. Mutum wajen dubu biyu suka kwararo, suka bi wani rami da yake kaiwa ga tsakiyar wurin tsayuwa, inda tuni ya cika. Mutum 97 ne suka rasa ransu sanadin wannan rana. Ta ce mu riƙe abu ɗaya: wanda ya buɗe ƙofar yana ganin taimako yake yi. Na rubuta wannan a littafina, na ja layi a ƙarƙashinsa, ban san da ni take ba.

A zango na biyu kowane rukuni sai ya shirya taro na gaske, da mutane na gaske, a kansa ake ba da maki. Mu shida ne a rukuninmu. Da yake azumin 2024 ya faɗo a watan Maris, na kawo shawarar mu yi buɗa-baki na unguwa, kyauta, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Aka amince. Muka sami wani zaure na al'umma a hawa na ɗaya, matakala guda ce take kaiwa gare shi, sai wata ƙaramar ƙofar gudun gobara ta baya. Takardar zauren ta ce mutum 150, har da mu ma'aikata. Muka saki tikiti 130 a Eventbrite, shafin raba tikiti na intanet, cikin kwana biyu suka ƙare.

Takardar auna haɗari kuwa sau uku Malama tana dawo min da ita. Karon farko a kan abinci. Na rubuta “kaza da yaji”, ta tambaye ni me ke cikin yajin. Da na ce ƙuli-ƙuli, ta ajiye biro. A dokarsu akwai abubuwa 14 da dole a bayyana idan suna cikin abinci, gyada da riɗi da madara da ƙwai da kifi duk suna ciki, kuma tun watan Oktoba na 2021 abincin da aka riga aka ƙulle a mazubi don sayarwa sai an manna masa takardar abin da ke cikinsa. Dokar ta samo asali ne daga wata yarinya da ta rasu a 2016 bayan ta ci burodi mai riɗi da ba a rubuta ba. Namu kyauta ne, amma Malama ta ce a ajinta babu bambanci. Ni da na shekara shida ina kallon ana raba kunun gyada ga ɗaruruwan mutane, ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kowa ba. Karo na uku tambaya ɗaya ta rubuta da jan biro: idan mutane suka zo fiye da tikiti fa? Na rubuta cewa za mu tanadi tekawe arba'in, kuma mun yi magana da wani masallaci da ke tafiyar minti biyar. Gaskiya don ta sa hannu kawai na rubuta.

Ranar ta zo, wata Asabar a tsakiyar azumi. Ruwa ake yi tun la'asar, irin yayyafin nan nasu mai shiga ƙashi. Ana shan ruwa wajen ƙarfe shida da minti ashirin da wani abu. Sanarwarmu ashe ta zaga WhatsApp, kuma wanda ya tura ta gaba ya yanke layin da ya ce sai da tikiti. Ƙarfe shida da minti biyar 'yar na'urar ƙirga mutane da ke hannuna, irin carbin nan na dannawa, ta nuna 150. A ƙasan matakala kuwa akwai mutum wajen sittin, da yara, da kekunan jarirai, duk a jiƙe.

A gaban layin akwai wata Hajiya 'yar Zariya, ta zo wa 'yarta wankan jego. Ta ji ina Hausa a waya, ta kamo hannuna. “'Yata, ke Bahaushiya ce? Haba 'yar nan. Azumi fa muke. Ko a tsaye ne ku bar mu mu sha ruwa mu tafi.”

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. A gidanmu ko almajiri ya yi sallama lokacin shan ruwa ba a ce masa Allah ya ba da haƙuri. Na haura da gudu na sami Malama a bakin zauren da takardarta. Na ce mata akwai wuri, za a matsa, yara su hau cinya, mu haka muke yi, na sha zuba mutum ɗari biyar a hol ɗin ɗari uku babu abin da ya faru. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce taron nawa ne, ba za ta karɓe shi daga hannuna ba, amma idan mutum na 151 ya taka matakalar nan za ta dakatar da komai, na ciki ma su fita. Ta nuna min takardar da na sa wa hannu, ta ce, “Kin riga kin rubuta abin da za ki yi. Je ki yi shi.”

Na sauko ina hawaye. A wannan minti na tsane ta, ba zan ɓoye ba. Na ga rashin imani ne kawai irin na mutanen da ba su san darajar baƙo ba.

Muka fito da tekawe arba'in ɗin, kowanne da takardarsa a manne, da dabino da ruwa. Wani ɗan rukuninmu ɗan Indiya, wanda ba ma Musulmi ba ne, ya ɗauki lema ya ja ayarin maza zuwa masallacin. Abinci bai isa ba, muka haɗa da namu na ma'aikata. Sai ga Malama ta sauko da kanta cikin ruwan, ta ce min lissafin kawuna ne: idan ɗaya ya fita, ɗaya zai iya shiga. Ta zaɓi waɗanda dole su tsaya a ƙofofi da wajen abinci, mu biyar da muka rage muka fito waje, tsofaffi biyar suka hau, Hajiya a gaba. Ni a bakin titi na sha ruwa ranar, da dabino uku, tare da matan da suka rage a ƙarƙashin rumfar ƙofa.

Da aka zo sallar magariba na leƙa sama don a ja tebura. A nan jikina ya yi sanyi. Mutum 150 ɗin nan da suka miƙe tsaye gaba ɗaya, ga fulas-fulas na kunu mai zafi, ga yara suna gilmawa, ga kekunan jarirai a jingine, hanyar da ta rage zuwa matakala ba ta fi faɗin mutum biyu ba. Na tsaya ina ƙara mutum sittin a kai a cikin zuciyata. Ban ce wa Malama komai ba, ita ma ba ta ce min ba. Da za a tashi ta ɗauki tsintsiya ta taya mu shara.

Na dawo gida da 'yan makonni, a watan Disamba na 2024, aka yi abin Ibadan, inda yara 35 suka rasu a wajen wani taron rabon kyauta. Kwana uku bayan haka aka sake yi a Okija da Abuja wajen rabon abinci. Ina zaune a falo ina kallon labarai, abin da nake gani shi ne salatif ɗin nan a ƙasa. Duk masu shirya tarukan nan alheri suka yi niyya. A daren na rubuta wa Malama saƙo na gode mata, ta amsa washegari da safe.

To, wannan ke nan. Har na rubuta tauraro huɗu a sama. Amma da na buɗe tsofaffin saƙonnina don in tabbatar da wasu abubuwa, sai raina ya sake ɓaci, kuma ba zan yi wa ƙanwata adalci ba idan na tsaya a nan.

Makon da za mu yi wannan buɗa-bakin, makarantar ta rufe min shafina na ɗalibai. Kun dai san abin da ya sami naira. Lokacin da na nemi gurbi fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin banki, ta Fom A, takardar da ake cikewa a banki don biyan kuɗin makaranta a waje. Aka saki naira a watan Yuni na 2023, kafin Fabrairun 2024 fam ya kai wajen naira 2,000. Kuɗin da na ware na kashi na biyu ya koma bai kai rabi ba. Na je ofishin kuɗi sau huɗu da takardun banki a hannu, ina roƙon a raba min biyan. Kowane zuwa sai a ce in aika imel, imel ɗin kuma na'ura ce take amsawa. Ranar Talata na wayi gari ba na iya shiga laburare, ba na iya ganin darasi, takardar auna haɗarin ma sai wata ƙawata ce ta tura min ta waya. Sai da mijin yayata ya sayar da motarsa aka buɗe. Makarantar da take koya mana cewa kowane shiri sai da shirin ko-ta-kwana, ita ba ta tanadi komai ba don ɗaliban da kuɗin ƙasarsu ya karye, alhali mu ne muka cika ajin. Wannan abin har yau yana ci min rai.

Sai maganar aikin sanin makama. A takardar tallarsu an rubuta cewa suna da alaƙa da manyan kamfanonin shirya taro, da hotunan ɗalibai sanye da na'urar magana a kunne a bayan dandamali. Saboda wannan layin na zaɓe su a kan wata makarantar da ta fi sauƙin kuɗi. Abin da na samu a shekara guda shi ne yini ɗaya a wajen gasar gudu, an ba ni riga mai ƙyalli ruwan ɗorawa, na tsaya awa bakwai ina miƙa wa masu gudu ruwa. Ban ga kasafin taron ba, ban ga ɗakin da ake ba da umarni ba, ban yi magana da ko mutum ɗaya daga masu shiryawa ba. Da na yi ƙorafi aka ce ai ɗalibi ne yake nemo wa kansa, su shawara kawai suke bayarwa. To me ya hana a rubuta haka a takardar talla? Ga bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, su kuma awannin nan na haya da abinci ne, a gidan kula da tsofaffi nake yin su. Yaushe zan bi kamfanoni ina roƙon aikin kyauta?

Makin buɗa-bakin ma na rukuni ne. Mu shida, biyu ba su taɓa zuwa ganawa ba sai ranar taron, suka ɗauki hoto suka tafi kafin shara. Maki ɗaya muka samu da su. Kuɗin da makaranta ta bayar ko hayar zauren bai biya ba, sauran daga aljihunmu da gudummawar masu shaguna.

Darasin talla kuwa, malamin allo yake karantawa kalma bayan kalma, rabin makonnin ma bidiyo ne da aka ɗauka tun lokacin korona, har yana cewa idan an buɗe gari.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne wannan. Mu wajen arba'in ne a aji, fiye da talatin daga Najeriya da Indiya da Pakistan. Misalan da ake kawo mana kullum bikin kiɗa na Glastonbury, da wasannin Olamfik na Landan na 2012, da wasannin Commonwealth na Birmingham na 2022. Mun yi mako biyu a kan harin Manchester Arena na 2017 da ya kashe mutum 22, da dokar tsaron wuraren taro da mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan ta yi ta fafutuka a kanta, wadda a lokacin ba a ma zartar da ita ba sai a Afrilun 2025. Duk ilimi ne, ban raina ba. Amma a ce an shekara ana maganar sarrafa taron jama'a ba a ware ko awa ɗaya ga aikin Hajji ba? Mutum 1,426 suka rasu a ramin Mina a 1990. Bayan abin da ya faru a wajen jifa a 2006 aka rushe gadar Jamarat aka gina mai hawa-hawa, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka sa wa kowace tawaga lokacinta. Wane darasi ya fi wannan? Abokina ɗan Indiya ya tambayi Kumbh Mela, babban taron ibadar Hindu na ƙasarsu, aka ce ya yi kundinsa a kai. Malama ce kaɗai ta taɓa ambaton Mina, ita ma a gurguje, kuma ta yarda cewa gibi ne a manhajar.

Babu wanda ya koya min abin da zan yi idan uwar amarya ta raba kati ɗari uku ta gayyaci mutum ɗari bakwai da baki. Babu maganar janareta, ko mai hol da zai sa kwaɗo a ƙofar baya don kada a sace masa kujeru, ko yadda za ka ce wa surukar gwamna wuri ya cika. Waɗannan su ne aikina na kullum.

Kundin kammalawata a kan Hawan Daushe na yi shi, yadda dawakai da 'yan kallo suke haɗuwa a Ƙofar Kudu lokacin jafi. Masu duba min kundi uku aka canza cikin wata huɗu. Na farko ya bar aiki, ta biyu ta tafi hutu, na ukun ya karanta shi mako biyu kafin a miƙa, ya tambaye ni ko akwai wani biki a Turai da zan kwatanta shi da shi don masu ba da maki su gane. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Na tura masa labarin, bai amsa ba.

Don haka na sauko daga huɗu. Biyu da rabi nake ba su, kuma biyun na Malama ne.

Ba zan ce aikina bai canza ba. Yanzu kafin in karɓi biki sai na je hol ɗin da tef ɗin awo, in ƙirga ƙofofi, in tabbatar an cire kwaɗon ta baya, in sa yaro a ƙofa da na'urar ƙirga. Ina tambayar masu girki me ke cikin yaji. Na rasa kwastoma biyu a kan haka, ɗaya ta ce min tun da na je Turai na koyo rowar wuri. Wata kuma saboda hakan ta kawo min bikin 'ya'yanta biyu. Sai dai idan na zauna na auna, abin da nake amfani da shi a yau darasin mako goma sha biyu ne, kuma a can Ingila akwai gajerun kwasa-kwasai na tsaron taro, da agajin gaggawa, da tsaftar abinci, wasunsu ta intanet ake yi, da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe ba.

Ƙanwata, idan takardar kike so don aikin otal ko kamfani a waje, wannan wata magana ce, sai mu zauna. Kafin ki biya ko sisi ki sa su rubuto miki sunayen wuraren da ɗaliban bara suka yi aikin sanin makama, da wanda ya samo musu, da abin da suke yi wa ɗalibin da biyansa ya makara. Idan kuwa sana'ar nan tamu za ki dawo ki yi, ki zo ki bi ni biki goma tukuna, in zana miki salatif a tsakar gida. Filin nan kada ki sayar da shi yanzu.

Takardar shaida da na roƙi sashen su rubuto min don wata kwangilar taro a Abuja, wata biyar ke nan ina jira. Kwangilar ta wuce tun tuni. Jiya na sake aika musu imel na shida.